Ledar da aka ce tana ruɓewa, gaskiya ce?

Tambaya: Malam, ina sayar da kayan miya a Kasuwar Dole, nan Damagaram. Dillalai na kawo mana leda suna cewa kamfani ya sake salo, yanzu tana ruɓewa. In yarda?

Amsa: Hajiya, ki yi hattara. Tun da Nijar ta kafa dokar hana ledar da ba ta ruɓewa a 2014, kamfanoni da yawa suka bi hanya mafi arha. Ba su canza inji ba, ba su canza roba ba. Sinadari kaɗan suke zubawa cikin narkakkiyar robar. Idan rana ta doke ta, sai ta dagargaje ta zama ɓarɓashi, ya shige ƙasar noma da cikin awaki. Wannan ba ruɓewa ba ne, shi ya sa Tarayyar Turai ta hana irinta tun 2021.

Ta gaskiyar da sitacin masara ko rogo ake yin ta, ta fi tsada, kuma galibi sai a zafin taki mai kusan digiri 60 take narkewa.

Ki binne guda a jiƙaƙƙen taki mai irin wannan zafi wata 3. In ta fito da ƙarfinta, ki mayar wa dillali kayansa.