Tambaya da Amsa: Yaya zan gane manhajar da za ta haɗa mini lissafin shaguna?

Tambaya: Assalamu alaikum. Ina sayar da atamfa da shadda a Kantin Kwari, ina da shago a Sabon Gari da sito a Fagge. Cinikin POS yana wuri ɗaya, taransifa tana takardar banki, lissafin kaya kuma yana Excel. An kawo mini tallan manhajar da aka ce za ta haɗa su duka. Me zan duba kafin in biya? (Wani ɗan kasuwa, Kano)

Amsa: Wa alaikumus salam, Alhaji. Aikin irin wannan manhaja uku ne: ta ɗebo bayanai daga kowane wuri, ta daidaita su, sannan ta zuba su a rumbu ɗaya. Masu talla sun fi nuna na farko da na ƙarshe, alhali a na tsakiya ne gizo ke saƙa.

Kada ka yarda a gwada maka ita da bayanan da suka taho da su, domin waɗancan an riga an tsaftace su. Ka ba su lissafinka na wata guda yadda yake. Misali, a sunan shadda iri ɗaya, yaron Kwari ya rubuta "Getzner", na Sabon Gari ya rubuta "gezna", mai sito yana ƙirga atamfa da turmi, shago kuma wani lokacin da yadi, kuma turmi ɗaya yadi 6 ne. Idan manhajar ta ɗauki waɗannan a matsayin kaya daban-daban, rahotonta zai fito tsaf amma lissafin ba daidai ba ne. Haka kuma idan mai saye ya turo kuɗi daga asusun ƙaninsa, manhajar kirki za ta ware wannan ciniki ta jira mutum ya duba. Wadda ke yin hasashe ta liƙa shi ga wani, ka guje ta.

Sai batun kuɗi. Manhajojin ƙasashen waje da dala ake biyan yawancinsu, kuma tun da Babban Banki ya saki naira a Yunin 2023 kuɗin da za ka biya da naira yana bin farashin dala a kasuwa. Wasu, kamar Fivetran, suna caji ne bisa yawan layukan bayanan da suka motsa a wata, wato a hada-hadar Sallah kuɗin zai ƙaru.

Ka tambaya ko tana aiki idan intanet ta yanke, ta tura bayanan daga baya. Ka nemi a rubuta a yarjejeniya cewa duk ranar da kuka rabu za a ba ka bayananka cikin fayil na CSV, wato irin fayil ɗin da Excel ke iya buɗewa. Lambobin wayar abokan cinikinka kuwa, Dokar Kare Bayanai ta 2023 ta ɗora maka alhakin tsare su, don haka ka san inda ake ajiye su.

A ganina, shaguna biyu da sito ba lallai su buƙaci babbar manhaja ba. Power Query, wani sashe mai ɗebo bayanai daga wurare daban-daban ya daidaita su, yana cikin Excel tun na 2016. Ka sa yaronka ya fara gwada shi da lissafin watan jiya.