An yi mini leza, yanzu ga yana ta fito

Tambaya: Assalamu alaikum. Shekarata 61, ina harkar shanu a Oko-Oba, Agege. Shekara 10 ke nan da aka yi mini aikin leza don in daina sa tabarau wajen karatu. Yanzu likita ya ce yana ta fito a idona na dama, ya nuna mini gilashin dasawa iri biyu: na ganin nesa kawai, da mai tsada na nesa da kusa. Aikin zai yiwu kuwa? Wanne zan saya?
Wani Alhaji, Agege

Amsa: Wa alaikumus salam. Alhaji, Allah ya ƙara lafiya. Aiki zai yiwu, ka kwantar da hankalinka. Leza fatar gaban ido ta gyara, wato garai-garan fatar da ke rufe baƙin ido wadda haske ke ratsawa, ita kuwa yana tana can ciki, a ƙwayar da ke bayan baƙin ido. Kuma ba leza ce ta jawo ta ba, shekaru ne.

Inda gizo ke saƙa shi ne wajen awo. Kafin a cire yana, sai an lissafa ƙarfin gilashin da za a dasa a cikin ido a madadin ƙwayar da ta yi yana, kuma lissafin ya dogara da lanƙwasar wannan fatar da leza ta sauya. In aka yi awon da aka saba yi wa kowa, ana iya kuskure, a gama aiki lafiya amma gani bai zauna daidai ba. Don haka ka nemo takardun aikinka na farko, ko da waya za ka yi wa asibitin. Ka tambayi likita kai tsaye: zai ɗauki hoton taswirar fatar idon? Yana amfani da lissafin masu leza, irin su Barrett True-K ko Haigis-L? In bai saba ba, ka nemi ra'ayin wani, ko a LUTH, asibitin koyarwa na Jami'ar Legas da ke Idi-Araba.

Batun saye kuwa, ni dai ban goyi bayan mai tsadar nan ba sai awo ya nuna ya dace da kai. Yana raba haske ne zuwa nesa da kusa, kuma wata irin lezar karatu ta riga ta yi wa fatar gaban ido hakan. In aka haɗa biyun, mutum kan ga kambin haske kewaye da fitilun mota da dare, gani ya dushe. Kai da ke sammako zuwa kara, wannan ba ƙaramin abu ba ne. Gilashin nesa ya fi ba da gani tangaran, sai dai ka riƙa sa tabarau wajen karatun Alƙur'ani da duba waya. In kuwa lezarka irin wadda ake ware ido ɗaya don nesa ɗaya don kusa ce, kuma ka ji daɗinta, ana iya maimaita tsarin da gilashin mai araha.

In idon yana maka ƙaiƙayi ko bushewa, a yi maganinsa kafin ranar awo, don bushewa ma tana ɓata lissafi.