Yawon da jirgi ya sayar mana da hannunsa, shi ke nan babu haɗari?

Tambaya: Assalamu alaikum Malam. A watan Yuli mai zuwa, in Allah ya kai mu, za mu shiga jirgin ruwan shaƙatawa daga Miami, tafiyar kwana bakwai, ni da maigidana da yaranmu biyu masu shekara 14 da 16, da kuma mahaifiyata. Jirgin zai tsaya a Ocho Rios ta Jamaika, da tsibirin Grand Cayman, da Cozumel ta Meksiko, kowane wuri wajen awa bakwai. Yaran sun ce su kam ba za su zauna a bas ana nuna musu gine-gine ta taga ba, hawan dutse suke so da iyo a teku da babur mai ƙafa huɗu. Ni ban iya ruwa ba, mahaifiyata kuma tana da hawan jini da ciwon gwiwa. Abin da ke hana ni barci shi ne bidiyoyin da nake gani na mutanen da jirgi ya tafi ya bari suna gudu a bakin tasha. Wata ƙawata ta ce duk abin da za mu yi mu saya a hannun jirgi kawai ko da ya fi tsada, wai an riga an tantance shi, ba wani haɗari, kuma kome ya faru su ke da alhaki. Haka ne?

Amsa: Wa alaikumus salam Hajiya. Allah ya kai ku lafiya, ya dawo da ku lafiya.

Rabin maganar ƙawarki gaskiya ce, kuma da ita zan fara tunda ita ce ke hana ki barci. Idan a hannun jirgi kuka sayi yawon, motarku ta makara a hanya, jirgi zai jira ku. In jiran bai yiwu ba, kamfanin ne zai ɗauki nauyin kai ku tasha ta gaba. Idan da kanku kuka shirya, za a yi ta kiran sunayenku a lasifika, daga nan a ɗauke tsani a kwance igiya, kuɗin otal da na jirgin sama da wahalar biza duk su dawo wuyanku.

Sai dai abin da ke sa a bar mutum a baya sau da yawa agogo ne. Lokacin da aka rubuta jirgi zai tashi ba naku ba ne. Naku shi ne lokacin komawar fasinja, wanda yawanci yake rigan tashi da minti 30. A Grand Cayman ma ya fi haka, domin babu gadar da manyan jirage ke tsayawa, anga suke jefawa a cikin teku ana kwasar mutane da ƙananan jiragen fito, ga layi mai tsawo da la'asar. Sannan tafiyarku ta faɗo a Yuli. Daga Maris zuwa Nuwamba jihar Florida tana ƙara awa ɗaya a agogonta, su kuwa Jamaika da Cayman da Cozumel ba sa taɓa nasu. Wasu jiragen sukan sauya agogo su bi na gari, wasu sukan riƙe na tashar da suka baro. In naku ya riƙe agogon Miami, kina sauka wayarki za ta kama sabis ɗin garin ta ja da baya da awa ɗaya ba tare da ta tambaye ki ba. Kina zaune a inuwa waya ta ce ƙarfe 3:30, ki ce ai da saura, alhali a jirgi 4:30 ta yi, ana shirin ɗauke tsani. Ki ɗaura agogon hannu na talaka, ki daidaita shi da allon da ke bakin ƙofar fita, ki dawo da ratar awa ɗaya da rabi. Maganar barin mutum ke nan, ki kwanta ki yi barcinki.

Yanzu ga ɗaya rabin, wanda ba ranar da ba na jin sa, kuma na gaji da jin sa: wai abin da jirgi ya sayar ba shi da haɗari, wai kome ya faru su ke da alhaki. Hajiya, ki buɗe takardar yarjejeniyar tikitinki, wadda kowa ke latsa "na yarda" ba tare da ya karanta ba. Za ki tarar an rubuta ƙarara cewa masu gudanar da yawon tudu 'yan kwangila ne masu zaman kansu, ba ma'aikatan jirgi ba. Bas ɗin ba na jirgi ba ne, direban ba jirgi ke biyan sa albashi ba, haka mai kwale-kwale da mai ɗaura wa yaro igiya a kugu. Kamfanin jirgi dillali ne, ya sayar ya cire la'adarsa. Ba zan zalunce su ba, manyan kamfanoni suna duba lasisi da inshorar ɗan kwangila kafin su sa shi a littafinsu, kuma wannan ba ƙaramin abu ba ne. Amma duba takardu a ofis ba ya hana dutse santsi.

Ranar 9 ga Disamba 2019, dutse mai aman wuta na tsibirin Whakaari a New Zealand ya fashe, akwai mutum 47 a kansa. Mutum 22 suka rasu, da yawa daga waɗanda suka tsira suka ƙone ƙuna mai tsanani. Mutum 38 daga cikin 47 ɗin daga jirgin Ovation of the Seas suka sauko, yawon kuma a cikin jirgin ake sayar da shi. Makonni uku kafin ranar, masu lura da dutsen sun riga sun ɗaga matakin gargaɗi zuwa na 2. Bayanin yana nan a fili ga duk wanda ya nema, amma wa zai nema, tunda ya ga hoton a littafin jirgi? A Disamba 2017 kuma, wata bas da ta ɗauki fasinjojin jiragen shaƙatawa daga tashar Costa Maya a Meksiko zuwa kufan Chacchoben ta kife, mutum 12 suka mutu. A Mayu 2019 wasu ƙananan jiragen sama biyu masu sauka a kan ruwa suka yi karo kusa da Ketchikan a Alaska, mutum 6 suka rasu. Fasinjojin duka jiragen biyu daga jirgin ruwa ɗaya suka fito, wasu a hannun jirgin suka sayi tikiti, wasu da kansu suka shirya, kuma mutuwa ta taɓa ɓangarorin biyu.

Ban kawo waɗannan don in tsorata ki ba. Miliyoyin mutane suna sauka su yi yawonsu su dawo lafiya kowace shekara. Abin da ke ba ni haushi shi ne yadda wannan jita-jita ke kashe wa mutum tunani. Da ya ga tambarin jirgi a jikin tikiti sai ya daina tambaya. Dattijon da likita ya hana shi hawa bene sai ka gan shi a layin masu hawan dutse, in ka yi magana ya ce ai da akwai matsala da ba su sayar mini ba. Wa ya auna jininka a teburin sayarwa? Yarinyar da ke bayan teburin nan aikinta ta cika bas. Alamomin da suke sawa na "mai sauƙi" da "matsakaici" da "mai wahala" kuwa, babu wani ma'auni ɗaya da duk kamfanoni suka yarda da shi. Matsakaicin wani tafiyar minti 20 ce a shimfiɗaɗɗiyar hanya, na wani hawan tudu ne na awa biyu a tsakar rana. Sannan takardar yafe haƙƙi, wadda a cikinta kike cewa kin san haɗarin kin ɗauka, sau da yawa sai a bakin mota ake miƙo ta, mutane a bayanki suna jira, inji yana kunne. Wannan dabara ce, kuma ba na son ta. Ki nemi a ba ki ita tun a cikin jirgi.

Haka kuma kada ki juya ki faɗa hannun 'yan kamashon da ke tare mutane a ƙofar tasha da kwali mai hotuna, ko masu bidiyon TikTok da ke cewa wanda ya saya a jirgi wawa ne. Akwai kamfanonin gari nagari, wani lokaci ma su ne dai jirgin ke bai wa kwangilar, a rabin cunkoso. Amma ana gano su ne tun kafin tafiya. Tambayoyin iri ɗaya ne ko a wa za ki saya: mutum nawa ne a hannun ɗan jagora ɗaya, awa nawa ne a mota awa nawa a wasan kansa, akwai rigar kariya daga nutsewa daidai jikin kowa, in mutum ya gaji a tsakiya akwai hanyar fita, asibiti mafi kusa minti nawa ne. Wanda ya amsa miki da "kada ki damu, kowa na yi" bai amsa ba.

To, mu zo kan iyalinki. A Ocho Rios abin da kowa ke zuwa yi shi ne hawan gangaren ruwa na Dunn's River, wajen mita 180 na dutse hawa-hawa, ruwa na kwarara a kai. Ana jera mutane su riƙe hannun juna, ɗan jagora a gaba. Abin yana da daɗi ƙwarai, yaranki za su so shi, amma sai da takalmin ruwa mai kama ƙasa, kuma a sani cewa in na gabanka ya zame da hannunka zai tafi. Hajiya Babba ba ta da abin yi a cikin wannan layi, da muguwar rawa gara ƙin tashi. Akwai matakala a gefe da wuraren tsayawa a kalli masu hawa, ta yi iya abin da gwiwarta ta yarda ta zauna. Wurin yana kusa da tasha, don haka ba lallai sai ta hannun jirgi ba.

A Grand Cayman ki duba Stingray City. Tudun yashi ne a cikin teku inda ruwa ke tsayawa wajen kugu zuwa ƙirji, kifayen nan masu faɗi kamar faifai da doguwar wutsiya suna shawagi tsakanin ƙafafun mutane. Wanda bai iya ruwa ba zai iya tsayawa a wurin in teku ta kwanta, da rigar kariya a jikinsa. Amma ki kula, yawanci ana haɗa shi da zango na biyu na iyo da tabarau da bututun numfashi a kan murjani, inda ƙafa ba ta taɓa ƙasa. Nan ki zauna a cikin kwale-kwalen da ya kai ku, ko wa ya ce miki rigar za ta riƙe ki. Wanda ya firgita a ruwa ba ya tuna rigar da ke jikinsa. Shiga da fita ƙaramin jirgin fito in akwai igiyar ruwa shi ma aiki ne ga mai ciwon gwiwa, ku duba teku da safe kafin ku yanke wa Mama hukunci. Kuma Yuli tana cikin lokacin guguwar yankin, wanda ke farawa 1 ga Yuni ya ƙare 30 ga Nuwamba. In kyaftin ya tsallake tashar, kuɗin yawon da aka saya a jirgi yakan dawo da kansa, na waje kuwa sai in kun yi wannan sharaɗin a rubuce.

Cozumel ce wurin da zan ce ki biya tsadar jirgi, in dai kufan Tulum kuke son gani, domin sai an ƙetara zuwa Playa del Carmen a jirgin fito na wajen minti 45, sannan kusan awa ɗaya a mota, a dawo haka. Doguwar hanya mai haɗa ruwa da tudu irin wannan ita ce inda alkawarin jira yake da daraja. In a tsibirin za ku tsaya, ruwansa garau ne, kuma akwai nutson gwaji da tukunyar iska na 'yan koyo, wanda a tsarin PADI, ƙungiyar horar da masu nutso, ake karɓar yaro daga shekara 10, zurfi kuma ba ya wuce mita 12. Za a ba ku takardar tambayoyin lafiya. In ɗaya daga cikin yaran yana da asma, a rubuta, kada a ɓoye don gudun kuka.

Maganar babur mai ƙafa huɗu kuwa, yawancin masu bayar da shi suna neman lasisin tuƙi, don haka ɗan shekara 14 a baya zai zauna in ma an yarda. Kafin ki biya, ki buɗe inshorar tafiyarku ki karanta shafin abubuwan da ba ta ɗauka. Da yawa suna cire irin wannan babur, da babur ɗin ruwa, da nutso, sai an ƙara kuɗi. Hawan jinin Mama ma a bayyana shi tun wajen sayen inshorar, domin ciwon da aka ɓoye shi ne hujjar farko ta ƙin biya. Asibitin cikin jirgi da kuɗi yake, kwasar mara lafiya da jirgin sama kuwa kuɗinsa na iya cinye tanadin shekaru.

Ranar sauka, maganin Mama ya kasance a jakar hannu ba a ɗaki ba, tare da ruwan sha da hula, da kwafin fasfo, da lambar wakilin jirgi na wannan tasha, wadda ake bugawa a takardar shirin kowace rana. Kuma ina roƙon ki don Allah, ke da maigida, kada kalmar "ai an riga an biya" ta tura kowa cikin ruwa ko kan dutse. Na san yadda ake yi: tsohuwa ta tashi da jiri, tana jin nauyin ta ce ba za ta iya ba don kada a ce ta ɓata wa jikoki rana, 'ya'ya kuma suna lissafin dalolin da suka kashe. Ku raba ayari gida biyu ba tare da kowa ya ji kunya ba, Alhaji ya tafi da samari, ke da Mama ku nemi bakin teku mai inuwa da kujera kusa da tasha. Su kuma baburan haya da ake jerawa a ƙofar tashar Cozumel, ki gaya wa Alhaji na ce ya wuce su, ko nawa aka rage masa.