Tambaya da Amsa: Kwarin da ke cin bayan gidaje a Samaru

Tambaya: Assalamu alaikum. A unguwarmu da ke gefen Samaru ta Zariya akwai kwarin da ruwan sama ya haƙa, yana gangarawa kogin Kubanni. Zurfinsa ya kai ƙirjin babban mutum, bara har ya ci katangar gidaje biyu. Mun yi gayya mun zuba shara da buhunan yashi, ruwan Agusta ya kwashe. Me za mu yi kafin damina? Daga sakataren wata ƙungiyar unguwa.

Amsa: Wa alaikumus salam. Malam, Allah ya saka muku da alheri, amma ku daina zuba shara daga yau. Leda ba ta kama ƙasa. Ruwa yana bi ta ƙarƙashinta ya ci gindin gaɓa, sai sama ta rufta. Buhu kuwa rana take cinyewa cikin 'yan watanni.

Kwari da baya yake tafiya. Ku je kansa, inda ruwa ke faɗowa kamar daga indararo, za ku ga ya rarake ƙarƙashin jar ƙasar ya bar leɓe a rataye. Nan ciwon yake. Ku sare leɓen ya kwanta, duk zurfin mita 1 a ba shi shimfiɗar mita 2, a daɓe, a jera duwatsu bisa tsakuwa.

Sannan ku rage ruwan da ke isowa wurin. Zariya tana samun ruwan sama kimanin milimita 1,000 a shekara, wato rufin kwano mai mita 10 sau 10 yana zubar da kusan lita 100,000, duro 500 ke nan. Gidaje nawa ke juyo da lambatunsu cikin kwarin? Kowane gida ya tara abin da zai iya a tanki, a yashe kwalbati tun watan Afrilu.

A cikin kwarin, ƙananan shingayen dutse da yawa sun fi katafaren guda ɗaya. Kada tsayin kowanne ya wuce santimita 60. A haƙa masa tushe na santimita 30, a cusa gefensa rabin mita cikin kowace gaɓa, in ba haka ba ruwa zai zagaye shi ya buɗe sabuwar hanya. Tsakiyarsa ta fi gefe ƙasa domin ruwa ya bi ta nan, a kuma shimfiɗa duwatsu tsawon mita 1 inda zai faɗa. Wannan shimfiɗar ce aka fi mantawa, rashinta kuma yana kayar da shingaye. Tazara kuwa, saman shingen ƙasa ya yi daidai da gindin na samansa. Tiyon ruwa na magina zai nuna muku.

Da ruwa ya zauna a Yuni, ku dasa ciyawar jema layi-layi a gicciye, taƙi ɗaya tsakanin tushe da tushe. Saiwarta tana nutsawa ƙasa sosai, ita za ta riƙe laka bayan shingen ya cika. In ba a samu ba, gamba ma tana taimakawa. A kewaye da ƙaya saboda awaki, mai unguwa kuma ya hana ɗiban yashi da ƙasar bulo a wurin.

Tambaya: Mu dasa kashe-kwari da dogon yaro a bakin gaɓa? Daga wata malama a Tudun Wada.

Amsa: Malama, kashe-kwari yana kamawa da wuri, sai dai ganyensa guba ne ga awaki da tumaki idan suka yawaita cinsa. Itace babba kuma kada ya zauna a kan leɓen gaɓa, iska na jijjiga shi ya ɓalle da ƙasar. A ja shi baya kamar mita 3. Idan zurfin kwarinku ya wuce mita 2, ko ya kusa taɓa tushen gini, ya fi ƙarfin gayya. Ku ɗauki hotuna da awo, ku rubuta takarda ta hannun hakimi zuwa ƙaramar hukuma da ofishin ACReSAL na Jihar Kaduna, wato shirin gwamnati na farfaɗo da ƙasar da ta lalace, masu ɗakin da ke bakin gaɓa kuma su tashi kafin ruwan Agusta.