An ce hauhawar farashi ta ragu, to me ya hana kaya sauka?

Tambaya: Malam, an daɗe ana cewa hauhawar farashi ta ragu a ƙasashe da dama, ɗanyen mai ma ya sauko daga inda ya kai a 2022. To me ya sa tsada ba ta sassauta ba? Ko dai alƙaluman ne na ƙarya?

Amsa: Alƙaluman gaskiya ne, ɗan'uwa, sai dai saurin tashin farashi suke aunawa daga bara zuwa bana. A Amurka hauhawar ta kai kashi 9.1 cikin 100 a Yunin 2022, mafi muni cikin shekara 40. Zuwa Yunin 2023 ta dawo kashi 3. Wato abin da ake saye 100 ya koma 109, sannan ya ƙara hawa zuwa wajen 112. Tashin ya yi sanyi, amma babu wanda ya mayar da shi 100. Manyan bankuna ma ba haka suke nema ba: na Amurka da na Turai da na Ingila duk kashi 2 a shekara suke hari. Faɗuwar farashi baki ɗaya tsoro take ba su, don idan kowa ya ce bari sai gobe ta fi araha, ciniki zai tsaya, masana'antu su sallami ma'aikata. Japan ta sha wannan wahalar shekara da shekaru.

Batun makamashi ya fi zurfi. Bayan Rasha ta afka wa Yukren a Fabrairun 2022, gangar ɗanyen mai ta haura dala 120, iskar gas kuma ta yi tashin gwauron zabi a Turai. Da gas ake haɗa takin zamani, da dizal ake noma da dakon kaya, da lantarki ake narka ƙarfe. Saboda haka tsadar ta ratsa ko'ina, ta shiga albashi da kuɗin haya da kwangilolin da aka sa wa hannu na shekara ɗaya ko biyu. Farashin mai yana iya faɗuwa cikin mako guda, amma wa ka taɓa ji ya rage haya don ganga ta sauka? Kuma ba a bar shi ya faɗi yadda ya so ba: a Oktoban 2022 OPEC, ƙungiyar ƙasashe masu fitar da mai, da ƙawayenta sun yanke shawarar rage man da suke haƙowa da ganga miliyan 2 a kullum.

Ga kuma dala. Da ita ake cinikin yawancin man duniya. Lokacin da babban bankin Amurka ya ɗaga kuɗin ruwa daga kusan sifili zuwa sama da kashi 5, dala ta yi ƙarfi, duk ƙasar da kuɗinta ya karye sai ta ga sauƙin da aka samu a kasuwar duniya ya narke a canji kafin ya iso gare ta.

Hanyoyin kasuwanci ma ba su zauna lafiya ba. Daga ƙarshen 2023 hare-haren 'yan Huthi na Yemen a Bahar Maliya sun sa jiragen ruwa da yawa barin mashigin Suwez suna zagaye ta kudancin Afirka, ƙarin tafiyar kwana 10 ko fiye. A 2025 kuma Amurka ta ƙara harajin shigo da kaya kan ƙasashe masu yawa, irin wannan haraji kuwa galibi kan mai saye yake ƙarewa.

A ganina an ɗora wa ƙarin kuɗin ruwa, wanda manyan bankuna ke yaƙar hauhawar farashi da shi, nauyin da ya fi ƙarfinsa. Yana rage cin bashi da kashe kuɗi, amma ba ya haƙo mai, ba ya buɗe mashigi. Idan kana son sanin ko sauƙi ya fara zuwa, ka kwatanta ƙaruwar abin da ke shigo maka da ƙaruwar farashi a shekarar. Sai na farko ya zarce na biyu na ɗan lokaci kafin aljihu ya shaida.