Me ya haɗa ɓera da murɗawar cikina?

Tambaya: Assalamu alaikum Malam. Da zarar hankalina ya tashi sai cikina ya kama murɗawa, wani lokaci har da gudawa. Na karanta cewa ƙwaƙwalwa da hanji suna aika wa juna saƙo, amma wai a jikin ɓeraye ake binciken. Anya abin ɓera zai zo ɗaya da na mutum?

Amsa: Wa'alaikumus salam, 'yar'uwa. Abin da kike ji gaskiya ne. Akwai doguwar jijiya da ake kira bagos, ta sauko daga ƙwaƙwalwa har zuwa hanji, saƙo na hawa da sauka ta cikinta.

Gwajin da ya fi tsaya mini a rai mai sauƙi ne ƙwarai. Za a ɗora ɓera kan ɗan tudu a tsakiyar baho, ruwa ya kewaye shi, a bar shi awa ɗaya. Ba duka, ba allura, tsoro ne kawai. Daga nan a ƙirga kashin da ya zubar ɗaya bayan ɗaya, a tarar ya fi na ɗan'uwansa da ba a sa wa ruwa ba. Kin ga abin da ke samun ki ke nan.

A 2004, Nobuyuki Sudo da abokan aikinsa a Japan sun nuna cewa ɓerayen da aka raina babu bakteriya (ƙananan ƙwayoyin halitta da ido ba ya gani) ko ɗaya a hanjinsu sun fi sauran zubo sinadaran fargaba idan an takura su. A 2011 kuma, a Jami'ar Cork da ke Ailan, an ciyar da ɓeraye wata bakteriya, alamun fargabarsu suka ragu. Da aka yanke musu jijiyar bagos, sai amfanin ya ɓace. Wa zai yarda a yanke tasa don gwaji? Dalilin neman ɓera ke nan, kuma wajibi ne a tausaya masa, a rage masa wahala.

Amma shakkarki tana kan hanya. Ɓera ba ya amai. Babban ɓeran gwaji idan zuciyarsa ta tashi, farar ƙasa yake ci. Yana cin kashinsa, kuma da dare yake harkarsa. Da aka ba mutane maza masu lafiya waccan bakteriyar da aka ba ɓerayen Cork, sakamakon da ya fito a 2017 bai nuna ta rage musu fargaba ba. Don haka ni ba na ba ki shawarar sayen wani magani don kawai an ce ya yi wa ɓera aiki.

Ki riƙa rubuta lokutan da ciwon ke taso miki da abin da kika ci, ki kai wa likita. In kin ga jini a bahaya ko kina ramewa, kada ki jira.