Salisbury ne ko Dana? Yadda ake gane difarenshal na tsohuwar mota

Tambaya: Assalamu alaikum Malam. Mahaifinmu, Allah ya jiƙan shi, ya bar mana Jaguar E-type a gidanmu na Mabera a nan Sakkwato. Bayanta na kuka in ana tafiya. Wani bakanike ya ce difarenshal ɗin Salisbury ne, wani ya rantse Dana ne. Takardun motar sun ɓata. Wa zan bi kafin in yi odar kaya?

Amsa: Wa'alaikumus salam. Allah ya gafarta wa Baba. Duka biyun ba su yi nisa da gaskiya ba. Difarenshal shi ne tukunyar giyar baya da ke raba ƙarfin inji zuwa tayoyi biyu. E-type, tun fitowarta a 1961, na kamfanin Salisbury samfurin 4HU ke ƙarƙashinta, wanda aka ƙera a Ingila bisa tsarin kamfanin Dana na Amurka, shi ya sa yake kama da samfurin Dana 44 kamar an tsaga kara. Amma kamanni ba ya nufin kowane ƙarfen wannan zai shiga wancan. A nan kuɗin mutane ke salwanta.

Motar da ta haura shekara hamsin ta ratsa hannaye da yawa, wataƙila ma an taɓa canja mata tukunyar. Don haka ƙarfen za ka tambaya. Wanke murfin baya da kananzir, ka duba notocinsa. Za ka ga ɗan ƙaramin falle ɗaure da noti ɗaya, an buga lamba kamar 43/13 ko 46/13. Adadin haƙoran babban gargare ne da na ƙarami. Raba su: 43/13 ya ba da 3.31, 46/13 kuma 3.54. In ka ga wani fallen mai PL, to Powr-Lok ne, wato irin wanda ba ya barin taya ɗaya ta yi ta juyi ita kaɗai a yashi.

In fallen ya faɗi, ɗaga bayan motar, ka sa mata abin tokare mai ƙarfi. Kada kowa ya shiga ƙarƙashi jak kaɗai na riƙe da ita. Giya a firi, juya taya ɗaya da hannu. Ɗayar ta juya baya, na gama-gari ne. In sun juya gefe ɗaya tare, Powr-Lok ne. Sai ka yi wa farfela, wato sandar da ke kawo juyi daga giya zuwa difarenshal, alama da alli, a juya tayoyin biyu tare zagaye ɗaya, ka ƙirga juyin farfela. Uku da rabi da ɗan ɗoriya, 3.54 ke nan.

Siffa ma tana magana. Na E-type a jikin firam yake ɗaure, birkinsa na manne da shi ta ciki, ba a wurin taya ba. Na motar MGB ta farko da samfurin Ford 9-inch na wasu motocin Mustang kuwa ba su da murfin baya, ta gaba ake zaro cikinsu. Tsofaffin kanikawanmu da suka taɓa Peugeot 404 na farko za su tuna nata daban ne, gargaren tagulla ne da ƙarfe mai murɗiya.

Batun kuka kuma, ni da man zan fara. Zuba shi a tasa ka duba ko da garin ƙarfe. Zafin Sakkwato na busar da robobin da ke tare mai, sai ya tsiyaye motar na ajiye ba wanda ya lura. In Powr-Lok ne, a nemo man da aka rubuta LS (limited slip, wato na irin wannan difarenshal) a jikinsa, don man giya na gama-gari na sa shi ƙugi a kwana.